Silimar Hambali a Saman Dala

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar shagon Mailafiya tela, nan Jakara, ya san abu biyu game da Malam Hambali, domin ba ya cika minti goma bai faɗe su ba. Na farko, shi ya riƙe majigin tsohuwar silimar bayan ganuwa shekara goma sha ɗaya, har Indiyawa suka aiko masa da takardar yabo, wadda gara ta cinye. Na biyu, ya taɓa kwana a wani masaukin shaƙatawa a ƙololuwar tsaunin Mambila, inda ake shimfiɗa wa baƙi kujeru a fili da yamma, a kawo shayi, a haska musu tsoffin finafinai, gajimare ya shigo ya zauna kusa da mutum kamar shi ma tikiti ya saya.

Matarsa Ma'u ta ce iyakar abin da ta sani shi ne ya taɓa bin wata motar kaya zuwa can, aka dawo da shi kwance a kan buhunan dankali saboda jiri. Amma Ma'u ba ta zama a majalisa.

Wata Talata da hantsi, su uku ne kaɗai a kan benci: Hambali, da Mailafiya yana taka keke, da Alhaji Abdulmuttalib mai turare, dattijon da ake kai wa ƙara idan musu ya yi zafi. Hambali ya ɗauko zancen gajimare, ya kai inda yake miƙa masa kofin shayi, sai Mailafiya ya ɗage ƙafa daga keke.

"Malam Hambali, shekara nawa muna hawa dutsen nan da kunne? Ga Dala can a bayanmu. In da gaske ne, hau da mu ka haska mana mu gani."

"Kai da ko wayarka sai jikanka ya kunna maka, me za ka gane?"

"Zan gane haske dai. In na gani, babbar riga kyauta, da aiki har ƙasa. In ban gani ba, kwana arba'in ba ka buɗe baki a majalisar nan."

Alhaji Abdulmuttalib ya dubi Hambali da tausayi. Duk Jakara an san da a hana shi magana gara a hana shi tuwo. Sau ɗaya aka taɓa cire masa haƙori, likita ya ce ya yi shiru awa biyu, sai da aka sake ɗinke wurin sau biyu.

"Asabar," in ji Hambali. "Bayan la'asar mu hau, ana idar da magariba in kunna. Amma zancen ya tsaya tsakaninmu, kada wani ya sace mini dabara. Alhaji, ka shaida."

"Na shaida," in ji Alhaji. "Allah ya sa ba ka shaida wa kanka ba."

Majigi dai Hambali yana da shi. Ya tsinto shi wajen 'yan gwangwan shekarun baya, wani ƙaton ƙarfe mai ƙafa uku da gammon fim guda biyu, yana ajiye a ɗakin zaure, kaji suna ƙwai a bayansa. Ya kulle kansa da shi kwana uku, yana goga masa man keken ɗinki, yana hura masa iska da baki. Ko masallaci sai ya faki ido ya tafi na wata unguwa, don kada a tambaye shi me ya baƙanta masa hannu. Maƙwabta suka fara cewa ko lafiya, ba a ji muryar Hambali ba.

Ranar Juma'a ya leƙa kasuwar Kurmi neman abin da zai yi allo. Ya ce a yanko masa farin alawayyo yadi goma. Mai yadi ya sassauta murya.

"Allah ya ba da haƙuri, Malam. Wa aka rasa?"

"Nawa ne, ni zan yi amfani da shi," in ji Hambali, yana waige-waige kada asiri ya tonu. "Gobe za ka ji labari. Kada ka gaya wa kowa."

Mai yadi bai gaya wa kowa ba, sai mutum bakwai.

Asabar da azahar ya kira Audu, babba a cikin 'yan dakon Kurmi, da abokan aikinsa uku. Ya kwantar da dogon tsanin da zai rataye allo da shi a tsakar zaure, ya shimfiɗe majigi a kai, ya sa lasifika wajen kai, gammon fim wajen ƙafa. Ya naɗe duka da tabarma saboda ƙura, ya lulluɓa alawayyon a sama, ya ɗaure a wuri uku. Ma'u ta leƙo daga cikin gida, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ka kalli abin nan da kyau kuwa?"

"Mace me ta sani a harkar silima?"

"Ba komai," in ji ta, ta koma wajen tukunyarta.

Ya juya ga 'yan dako. "Ku saurara. Wannan inji ba buhun gero ba ne. Baro jijjiga shi zai yi. A kafaɗa za ku ɗauka, mutum biyu gaba, biyu baya. Ku yi tafiya a natse. Ban da dariya, ban da surutu. Duk wanda ya tambaye ku, ku sunkuyar da kai ku wuce. Ana idar da la'asar ku fito."

Shi kuwa ya bi ta lungun baya ya yi gaba, don ya shirya wurin baƙi.

To, maganar gaskiya, wurin ya shiryu. Janareto ya riga ya hau tun safe. Kujerun roba uku a jere suna fuskantar yamma, ga filas ɗin shayi, ga rake an fere, ga gyaɗa mai gishiri. Abin da ya ɗan ɓata tsari shi ne shigar mai masaukin. Ana tsakiyar zafin bazara, ƙadangaru ma sun nemi inuwa, Hambali ya saka suwaita mai kauri, ya naɗe wuya da jan ƙyalle, ya ɗora baƙin tabarau, saboda haka jaruman fim suke yi idan sun hau dutse.

Mailafiya da Alhaji suka iso saman matakala suna haki. Hambali ya tare su da hula a hannu.

"Wayoyinku. A Mambila ba a kunna waya."

Suka kashe suka zuba a hular. Mailafiya ya dube shi sama da ƙasa. "Zazzaɓi kake?"

"Sanyin tsauni ne. Kai ba ka saba ba, shi ya sa ba ka ji."

Suka zauna. Iska ta ɗan kaɗo, birni ya baje a ƙarƙashinsu, rufin kwano da soraye da hasumiyoyi har iyakar gani, shirwa tana shawagi ƙasa da ƙafafunsu. Alhaji ya kurɓi shayi, ya gatsa rake, sai ga shi yana murmushi shi kaɗai.

"Kun tuna bencin gaba a silima? Idan bos, mugun fim, ya fito, kowa ya jefi allo da ɓawon rake, na bayanka ya same ka a ƙeya."

"Ruwan sama fa?" in ji Mailafiya. "Ba rufi. Jarumi yana kuka, mu muna jiƙewa, ba mai tashi."

"Ni tsiyar da na gani," in ji Alhaji, "ranar da na tsallake katanga na tafi, ka san a lokacin ɗan birni ya shiga silima abin kunya ne. Aka kunna fitilar hutun rabin lokaci, na waiga, ga ƙanin mahaifina a gefena da rawaninsa a cikin aljihu. Ya dube ni, na dube shi. Har ya bar duniya ba mu taɓa tayar da zancen ba, amma kullum Sallah nawa barka da sallar ya fi na kowa."

"Duk ina kallonku ta 'yar tagar sama," in ji Hambali. "Idan fim ya tsinke, minti ɗaya nake ba shi. Yawu kawai nake shafawa ya haɗe."

Mailafiya ya miƙe ƙafa. "Wurin dai ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Saura haske."

A nan ne Hambali ya hango su. Can ta wajen Jakara, wani farin abu dogo yana tafe a kafaɗun mutane, bayansa kuma jama'a, lungu ya cika maƙil, wasu na fitowa daga shaguna suna shiga sahu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mailafiya, taso ka ga 'yan kallo. Na ce a rufe zance, amma suna ba ya ɓuya. Aikin rigar nan, da zare ruwan gwal nake so."

Abin da ya faru a ƙasa, wanda sai daga baya Audu ya ba da labari, shi ne wannan. Suna fitowa daga zauren Hambali, kai a sunkuye, ba mai magana, wani dattijo da ke alwala a bakin hanya ya ajiye buta ya ce, "Allahu akbar, shi ya sa kwana uku shiru." Ya bi bayansu. Mai yadi ya rufe shago yana cewa bawan Allah ya ji a jikinsa, da hannunsa ya sayi likkafaninsa. Kowa ya tambayi na kusa da shi ko an yi salla, kowa ya ce ai an yi, mu ne muka makara. Kuma ka san mutanen birni, ba a barin mutum huɗu da ɗaukar makara, kowa so yake ya sa kafaɗa ya samu lada. Kafin a kai bakin titi an karɓe wa 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, sun koma can ƙarshen sahu. Audu ya kutsa ya ce, "Jama'a, ku tsaya ku ji," wani mai farin gemu ya harare shi ya ce ba a surutu a bayan mamaci. Audu ya tuna shi ma mai kayan haka ya ce, ga shi kuma kafaɗarsa ta huta, sai ya yi shiru.

Masu ɗauka dai sun yi mamakin nauyi. Wani ya ce Hambali da ba shi da auki, ji kamar injin markaɗe. Na gefensa ya ce a yi masa kyakkyawan zato.

Mata kuwa suka cika gidan Hambali. "Ma'u, ya haƙuri?"

"Haƙuri ai shekara talatin ina yinsa," in ji Ma'u tana tuƙa tuwo. "Na gaya masa ya duba da kyau, bai ji ba."

Matan suka dubi juna, suka ce kaɗuwa ce, a ba ta ruwa.

A saman Dala, Hambali yana tsaye a bakin dutse yana lissafin inda zai zaunar da mutane. Manya a gaba, matasa a kan duwatsu. Taron ya iso mararrabar da za a karyo zuwa gindin dutse. Ya ɗaga jan ƙyallensa yana kaɗawa. Taron ya miƙe, ya bar Dala a hagu.

"Sun ɓata hanya," in ji shi. "Audu bai san gari ba."

"Audu a Kurmi aka haife shi," in ji Alhaji. Ya kare ido da hannu. "Hambali, hanyar nan da suka ɗauka, wuri ɗaya take zuwa."

Mailafiya ya zaro wayarsa daga hula ya kunna. Ko gama haske ba ta yi ba ta ɗau ruri. Ya saurara, ya ce "to", ya ce "yaushe", ya ce "Allah sarki", ya dubi Hambali, ya sake cewa "to". Ya kashe, ya gyara zama.

"Malam Hambali, sai haƙuri. Ka rasu."

"Wa?"

"Kai. Wai tun azahar. An ce ka yi kyakkyawan ƙarshe, ko shurawa ba ka yi ba. Suna ta nemana in zo in sa kafaɗa."

Hambali ya dubi farin abin da ke nisa, ya dubi Mailafiya, ya sake duban farin abin. Sai a lokacin ya ga abin da Ma'u ta gani.

"Za su binne mini inji."

Yadda ya sauko daga Dala, masu rake a gindin dutse har yau suna ba da labari. Takalmi ɗaya ya riga shi isa ƙasa. Ya tare mai adaidaita, mai adaidaita ɗan Jakara ne, yanzun nan ya gama yi wa fasinja bayanin rasuwar, ya waigo ya ga mamaci da tabarau yana cewa maƙabarta da sauri. Ya bar masa mashin ɗin a kunne ya shige wani gida ba sallama. Dole Hambali ya ci gaba da ƙafa, ƙafa ɗaya da takalmi, gumi ya jiƙa suwaita, jan ƙyalle yana tashi a bayansa. Mailafiya da Alhaji suka biyo a wani mashin ɗin a hankali, Mailafiya riƙe da ragowar rake.

A ƙofar maƙabarta an ɗan tsaya, domin mai kula da wurin, wani tsoho da ake kira Baba Ashafa, ya ce shi ba wanda ya aiko masa a haƙa kabari. Ana cikin wannan, liman yana cewa a yi haƙuri a haƙa yanzu, sai aka ji murya daga baya, muryar da duk Jakara ta sani ko cikin barci.

"Ku sauke a hankali! Kada ku jijjiga!"

Sahun baya ya waiga, ya dare gida biyu. Sahun tsakiya bai tsaya waigawa ba. Mai yadi ya haye katanga da ƙibarsa, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Mutum shidan da ke ɗauke da tsani suka ga wanda suke ɗauke da shi yana nufo su yana ba da umarni, suka yi shawara ba tare da magana ba, suka saki a tare.

Ƙarar da aka ji ba ta ɗan Adam ba ce. Tabarma ta warware, lasifika ta yi gefe, ƙafar majigi ɗaya ta karye, wani ƙwan kaza da ya kwana biyu a ciki ya fashe. Gammon fim ɗaya ya mirgina ya bi gangara yana warwarewa, wata akuya ta bi shi tana tauna.

Liman ne kaɗai bai gudu ba, saboda gwiwa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi Hambali.

"Malam Hambali, wanne ne kai a ciki?"

Jama'a suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, wanda ya zubar da hula yana nema, wanda ya yi kuka ɗazu yana jin haushin hawayensa. Hambali ya ga idanu sun yi yawa, ya gyara tabarau, ya hau kan wani dutse.

"Jama'a, kun yi ganganci. Wannan inji da kuke gani, da shi na yi shekara goma sha ɗaya ina haska wa Kano fim. Ba don kun kayar da shi ba, da yau kun ga abin da ake gani a Mambila. Mailafiya, ka shaida, ba laifina ba ne."

Baba Ashafa ya matso. Ya tsuguna gaban majigin, ya shafa gefensa, ya kankare tsatsa da farce, ya daɗe yana kallon wasu haruffa biyu da aka sassaƙa da ƙusa.

"Nawa ne," in ji shi a hankali. "Ga sunana. Shekara goma sha tara ina kansa." Ya ɗago ya ƙura wa Hambali ido. "Cire gilashin nan. Af. Hambali mai tsintsiya. Kai ne kake share ɓawon rake da safe, in bar ka ka leƙa ta ƙofa da daddare. Ba kai na kora ba ranar da ka taɓa wannan maɓallin ka ƙona mana rabin fim?"

"Baba, kama ce. Mutane suna kama."

"Har da tabon goshin? Wannan ƙofar ɗakin injin ce ta yi maka."

Wani ya tuntsire da dariya, liman ya ce a tuna inda ake, shi ma yana rufe baki da hannun riga.

Mailafiya ya matso yana tauna rake. "Baba, tsakani da Allah, da ba a kayar da shi ba, zai haska?"

Tsohon ya buɗe cikin injin, ya leƙa, ya zaro tsumma da gashin kaza. "Ba ƙwan fitila, ba madubi, ba bel. Wannan ya mutu tun kafin a rufe silimar, ni na rufe masa ido." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya dubi taron. "Ku kwantar da hankalinku, ba ku ɓata tafiya ba. Inda ya kamata kuka kawo shi."

Hambali ya buɗe baki. Alhaji Abdulmuttalib ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Daga yanzu aka fara ƙirga."

Hambali ya koma gida da tsani da alawayyo a kafaɗa, shi kaɗai, ba wanda ya nemi lada. Ya tarar da tsakar gida cike da mata, suka watse da salati, suka bar takalma. Ma'u ta karɓi alawayyon ta ce zai yi zanen gado biyu da labule.

Kwana arba'in Hambali yana zuwa majalisa ya zauna kamar buhu. Mailafiya kullum sai ya tayar da zancen Mambila, ya ce ya ji an ce can zafi ake yi kamar gidan burodi, ko gajimare ɗaya babu. Hambali ya kumbura, jijiyar wuya ta tashi, ya ciji hula. Masu wucewa suna tsayawa su ce Allah ya kai haske kabari. Ranar da kwanakin suka cika, Ma'u ta soya waina ta aika majalisa a cikin babban kwano, ta ce a ci, sadakar arba'in ce.

Aka ci, aka shafa. Alhaji ya duba agogo ya ce, "To, Hambali, an sake ka."

Hambali ya yi gyaran murya, ya gyara zama, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"A cikinku nan, wa ya taɓa zama a saman dutse da shayi a hannu yana kallon jana'izarsa? Mutum dubu biyar. Ni na ƙirga da kaina."

Mailafiya ya ɗora ƙafa a kan keke. "Alhaji, babu halin a ƙara masa wasu arba'in ɗin?"